Darasi na 11: Wiwi da Lalacewar Halin Samari

Abin da darasin ya ƙunsa

Akwai tambayar da iyaye da yawa ke ganin ba ta buƙatar bincike: wiwi ce ke lalata halin yaro, ko kuwa yaron da halinsa ya fara karkacewa ne ke kai kansa wurin wiwi? A Sassumbrum, kamar a Kwaya da Yekuwa da Bande da garuruwan ƙasar Dungas, in yaro ya daina gaida manya, ya fara kwana a waje, ya ɗebi gero a rumbu ya sayar, abin da za ka ji shi ne: "Ai shaye-shaye ya shiga." Da zarar an ji warin hayaƙin a rigarsa, shi ke nan, an gano tushen ciwo. Wannan darasi zai nuna cewa sau da yawa warin nan shi ne alamar da ta zo daga baya. Wanda ya gane haka zai san lokacin da ya dace ya tashi tsaye a kan ɗansa, da kuma inda zai sa hannu.

A karanta darasin kashi-kashi. Malamin aji ya tsaya bayan kowane kashi, ya bar mahalarta su faɗi abin da suka gani da idonsu, amma kada a ambaci sunan ɗan kowa.

Mece ce wiwi, kuma ta ina take zuwa mana?

Wiwi ganye ne da furen wata shuka, ana busarwa a naɗe a takarda a zuƙa kamar taba. Sinadarin da ke bugarwa a cikinta ana kiransa THC. Wasu masana biyu a Isra'ila, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, su ne suka fara tace shi suka bayyana siffarsa a 1964. In hayaƙin ya shiga huhu, jini kan kai sinadarin ƙwaƙwalwa nan da nan. Mayen yakan ɗauki awa 2 zuwa 3, amma sinadarin yana maƙalewa a kitsen jiki ya yi kwanaki, ga mai sha kullum ma har makonni.

Dazuzzukan jihohin Ondo da Edo da Osun da Delta a kudancin Najeriya sun yi suna wajen nomanta, kuma daga can take hawowa arewa. Iyakarmu da Najeriya kuwa kowa ya san yadda take. Mutanenmu suna zuwa Daura da Mai'aduwa da Ɓaɓura da Maigatari cin kasuwa, da biki, da gaisuwar mutuwa, domin dangi ɗaya ne gefe da gefe. Hanyar da buhun masara da jarkar mai ke bi a kan babur, ita ƙullin wiwi ke bi. Binciken da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye a cikin shekara guda, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. Amma kada mu ɗora wa maƙwabta laifin duka. Ƙasarmu Nijar ita ma hanya ce ta manyan masu safara. A watan Maris na 2021 hukumar OCRTIS mai yaƙi da safarar miyagun ƙwayoyi ta kama tan 17 na ƙaron wiwi a wani ɗakin ajiya a Yamai, kayan da suka taso daga Labanon, suka sauka tashar ruwan Lome, ana shirin wucewa da su Libiya.

Wani abu kuma: da wuya ka sami yaron da wiwi kaɗai yake sha. Yawanci akwai tramol a gefe, ko ƙwayar barci, ko sholisho, ko maganin tari mai kodin wanda Najeriya ta hana shigowa da shi da sarrafa shi a watan Mayu na 2018. Saboda haka in aka ga yaro ya birkice, ba kullum ake iya cewa ga abu guda da ya birkita shi ba.

Abin da take yi wa kan yaro

Jikin saurayi yakan cika tun yana shekara 17 ko 18, ya yi huɗa daidai da ubansa, ya ɗauki buhu. Ƙwaƙwalwarsa kuwa ba ta gama nuna sai wajen shekara 25. Sashen da ke bayan goshi, wanda ke ce wa mutum "dakata, ka duba abin da zai biyo baya," shi ne na ƙarshen ƙosawa. Sashen da ke son daɗi da yabon abokai kuwa tun farkon balaga yake da ƙarfinsa. Shi ya sa ɗan shekara 15 zai hau babur marar birki ya yi gudu a gaban ƴammata ko bai sha komai ba. Wannan ba lalacewa ba ce, ƙuruciya ce, kowannenmu ya bi ta wurin.

Wiwi tana taɓa daidai wuraren da ba su gama ginuwa ba: riƙe abin da aka ji, tsayar da hankali a kan abu guda, saurin kauce wa haɗari, da auna abu kafin a yi shi. Ɗan makarantar sakandare ta CEG da ya sha da dare, da safe yana aji, idonsa na kan allo, amma abin da mushe ya faɗa ba ya zama. Almajiri ma haka, a biya masa da safe, da la'asar ya ɓace. Makin ya faɗi, a yi masa dariya, ya fara gudun aji.

Game da kamu, wato mutum ya kai inda yake so ya bari amma ya kasa, kiyasin da likitoci suka daɗe suna aiki da shi shi ne: cikin mutum 10 da suka taɓa sha, wajen 1 yakan kamu. Cikin waɗanda suka fara tun suna samari kuwa, 1 ne cikin 6. A garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan an bi rayuwar mutum 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973. Sakamakon da aka fitar a 2012 ya nuna waɗanda suka fara tun kafin shekara 18 kuma suka ɗore sun yi asarar da ta kai maki 8 a ma'aunin kaifin basira, alhali waɗanda suka fara bayan sun girma ba su yi irin wannan asarar ba. Wasu masanan sun yi jayayya, sun ce talauci da yanayin gida suna da nasu kason, kuma binciken da aka yi a kan tagwaye daga baya ya rage girman adadin. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, fara sha da wuri da kuma sha kullum su ne suka fi ɓarna.

Wanne ya riga wanne?

Nan ne zuciyar darasin, sai a karanta a tsanake.

A 1977 wasu masana biyu a jihar Kolorado ta Amurka, Richard Jessor da Shirley Jessor, suka wallafa sakamakon shekarun da suka yi suna bin ɗaliban sakandare da na jami'a. Sun lura cewa shan wiwi, da shan giya, da ƙarya, da ɗauke-ɗauke, da bijire wa manya ba sa zuwa ɗai-ɗai. Tare suke tafiya, kuma yaron da ya shiga ɗaya ya fi kusa da shiga sauran. A garin Christchurch, shi ma a Niyu Zilan, an bi yara 1,265 da aka haifa a 1977 tun daga haihuwa. An ga cewa yaran da suka yi fice wajen faɗa da ƙarya da taurin kai tun suna firamare, su ne suka fi fara wiwi kafin su wuce shekara 15. Wato halin ya riga hayaƙin da shekaru. Amma binciken bai tsaya nan ba. Ya kuma nuna cewa waɗanda suka fara sha da wuri sun fi barin makaranta ba takardar shaida, ko da an cire tasirin halinsu na farko da talaucin gidansu.

Hausawa sun riga sun faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ya rage a ƙara shi ne, in ya shiga, tsagar ba ta zama yadda take.

Mu ɗauki misali irin wanda kowa ya sani. Yaro yana shekara 8 aka saki uwarsa, ta yi wani aure a wani gari, shi aka bar shi hannun kishiyar uwa. Ba wanda ya ƙi shi a fili, amma ba wanda ke tambayar ko ya ci. A lakwal yana aji mai yara fiye da yadda malami ɗaya zai iya kula da su, bai iya karatu ba har ya kai aji 4, ya gano cewa in ya yi faɗa ana kallonsa, in ya yi shiru ba a ganinsa. Yana shekara 11 ya fara maƙalewa a tasha ranar kasuwa. A can manyan yara suka fara aikensa, su ba shi canji, su kira shi da suna. Wannan ne wuri na farko da aka nuna yana da amfani. Ranar da aka miƙo masa guntun naɗi yana shekara 13, ba wiwi yake nema ba, yana gudun kada a ce shi yaro ne a kore shi daga cikinsu. A wannan labari, wace shekara ce ya kamata a ce an tashi tsaye?

Daga nan kuma sai ita wiwin ta ɗora nata. Tana son kuɗi kullum, yaro kuwa ba shi da su, sai a fara rasa canjin cefane, sai kaza, sai tiyar wake. Kowace sata tana buƙatar ƙarya. Abokansa na da, waɗanda ba sa sha, iyayensu sun hana su yawo da shi, saboda haka ya rage daga shi sai masu sha. Barcin safe ya hana shi gona, uba ya yi fushi, gida ya yi zafi, ya ƙara nisa da gida. Mai sayarwa ya ba shi bashi, in ya kasa biya ya ce to kai wa wane wannan ƙullin. Cikin shekara 2 yaron da ake kira mai taurin kai ya zama wanda ake kira ɓarawo, kuma in gari ya sa wa yaro suna, da wuya ya sami wata rigar da zai sa.

Akwai kuma yaran da ba su taɓa faɗa da kowa ba, masu shiru, waɗanda damuwa ko tsoro ko rashin barci ke ci a ciki. Su wiwi magani suka ɗauke ta. Irin waɗannan sun fi wuyar ganewa, domin ba sa damun kowa. Haka ma ƴammata. Binciken 2018 ɗin nan ya nuna cikin masu shaye-shaye 4 a Najeriya, 1 mace ce. Su ba a bakin tasha suke sha ba, kuma sun fi karkata ga ƙwaya da maganin tari, abin da ba shi da wari.

Wata magana da ke buƙatar gyara ita ce cewa wiwi ce ke sa yaro ɗaukar wuƙa. A lokacin mayenta, abin da aka fi gani shi ne kasala, da dariya ba dalili, da jan ido, da yunwa. Rikici ya fi fitowa daga gefenta: rigimar bashi, haɗa ta da ƙwaya ko giya, zafin ran da ke zuwa in ba a samu ba, da zargin da take sa wa wasu su ga kamar kowa na neman su da sharri. Bambancin yana da amfani, domin uwar da ke jiran ta ga ɗanta ya haukace kafin ta yarda yana sha za ta daɗe tana jira.

Me ya sa abin ya sami wurin zama a nan?

Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma ƙasar Magarya tana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a ƙasar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau an raba ta gado biyu ko uku. Saurayi yana aiki tuƙuru daga saukar ruwa zuwa kaka, sannan ya tarar da wata 6 ko 7 a gabansa ba abin yi. Mai lambu a fadama ya tsira. Saura sai ci-rani: Kano, Ikko, Agadas, Libiya, ko wuraren haƙar zinariya irin na Jado da aka ruga tun 2014. A da magidanta da manyan samari ke tafiya. Yanzu har ɗan shekara 14 yana bin mota. A can ba uba ba kawu, aikin kuma ya fi ƙarfinsa, sai a nuna masa ƙwayar da ke kashe gajiya da rana da hayaƙin da ke kawo barci da dare. Ya dawo da damina da waya da sabon takalmi, ƙannensa na kallonsa da sha'awa, suna koyon tafiyarsa da duk abin da ya zo da shi.

Fada, inda samari ke zama shan shayi, ba ita ce matsalar ba. Fadoji da yawa suna tara kuɗi su taimaki mai biki ko marar lafiya, suna share unguwa. Fada takan ɗauki halin wanda ya fi faɗa a ji a cikinta. A birnin Damagaram an ga inda abin ke kaiwa in aka bar shi: ƙungiyoyin samarin da ake kira pale, masu ɗaga ƙarfe da faɗan unguwa da shaye-shaye. Aicha Macky, ƴar garin, ta yi fim a kansu mai suna Zinder a 2021, ta ɗauke shi a Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare a da. Wanda ya kalli fim ɗin zai ga samari masu ƙarfi da basira waɗanda gari ya juya wa baya tun kafin su yi laifin farko, zai kuma ga wanda ya fita daga ciki ya kama kabu-kabu. Sassumbrum ba Kara-Kara ba ce, amma yaranmu da ke zuwa birni karatu ko neman kuɗi a irin waɗannan unguwanni suke sauka.

Taɓin hankali

A ƙasar Suwidin an bi samari 45,570 da aka ɗauka aikin soja, tsawon shekara 15. Rahoton da ya fito a 1987 ya nuna waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 kafin a ɗauke su sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba sau 6 wajen kamuwa da babban ciwon taɓin hankali mai sa jin muryoyi. Yawancin masu sha ba sa haukacewa, wannan gaskiya ne, kuma samari sun san haka, shi ya sa in ka ce musu "duk mai sha zai bi bola" sai su yi maka dariya su daina sauraronka. Gaskiyar da za a faɗa musu ita ce: haɗarin ya fi yawa ga wanda ya fara da wuri, ga mai sha kullum, da wanda ake da mai irin ciwon a danginsu, kuma ba mai iya sanin kansa tun kafin abin ya same shi.

In yaro ya fara magana shi kaɗai, ko ya ce ana binsa, ko ya ƙi abincin gida wai an sa masa wani abu, ko ya yi kwanaki ba barci, mutane sukan ce iska ce ko sammu. Addu'a ba ta hana zuwa likita. A kai shi ƙaramin asibiti na CSI, daga nan in ya kama a tura shi asibitin Magarya ko babban asibitin Damagaram. Jinkirin watanni yana sa maganin ya yi wuyar kamawa.

Abin da iyaye suka saba yi

Na farko duka. Duka yana sa yaro ya ƙware wajen ɓoyewa, ba ya sa ya bari, kuma ranar da ya ga ƙarfinsa ya kai na ubansa, dukan ya ƙare, maganar ma ta ƙare. Sai kora: "Fita mini daga gida." Yaron da aka kora wuri ɗaya ne zai karɓe shi da daren nan, kuma mun san wurin. Sai aure, wai in aka yi masa mata zai natsu. A ganina wannan ya fi kowanne rashin adalci, domin an ɗauki nauyin da ya gagari uba da uwa da dangi an ɗora wa ƴar mutane mai shekara 15.

Wasu kuma sukan tsallaka da yaro su kai shi gidan mari. A watan Satumba na 2019 ƴan sanda suka buɗe irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon bulala. A watan Oktoba na shekarar aka buɗe wani a Daura, nan kusa da mu, aka fito da mutum 67. Iyayen da suka kai ƴaƴansu ba mugaye ba ne, sun rasa yadda za su yi ne, har kuɗi suke biya. Sarƙa tana raba yaro da wiwi na ɗan lokaci, amma ba ta taɓa dalilin da ya kai shi ba, sai ma ta ƙara masa wani.

Doka kuwa a bayyane take. Dokar Nijar mai lamba 99-42 ta ranar 23 ga Satumba 1999 ta haramta noma wiwi da safararta da sayar da ita da shanta, kuma malaman addini ba su yi saɓani a kan haramcin abin da ke gusar da hankali ba. Babban da ke sayar wa yara, a kai maganarsa wurin mai gari da jandarma, kada a ce ai ɗan wane ne. Amma ɗan shekara 14 da aka kama da naɗi guda, in aka tura shi gidan kaso cikin manyan masu laifi, zai fito da ilimin da bai shiga da shi ba.

Wa zai yi masa magana?

A al'adarmu akwai kunya tsakanin iyaye da ɗan fari, har sunansa ba a faɗa. Ko ga sauran ƴaƴa, uba ya fi sabawa da umarni a kan hira. Amma al'adar da ta sa wannan kunya ta tanadi wasu ƙofofi: kawu, baffa, gwaggo, yaya, da kaka wadda ke wasa da jika ta faɗa masa abin da uwa ba za ta iya ba. A zaɓi wanda yaron ke sakin jiki da shi. Kada a yi maganar yana cikin maye, kada a yi ta gaban ƙannensa. Ga misali, mutum 2 su karanta a bayyane:

Kawu: Zo ka raka ni lambu, ka riƙe mini guga.
Yaro: To, Kawu.
Kawu: Na ga kwana biyu ba ka zuwa lakwal. Ban zo faɗa ba, so nake in ji.
Yaro: Kawu, ko na je ba na gane komai. Dariya ake mini.
Kawu: Tun yaushe?
Yaro: An daɗe.
Kawu: Abin da kuke sha a bayan tasha, na sani. Ba zan ce maka ban damu ba, na damu ƙwarai. In ka sha, me yake rage maka?
Yaro: Ina samun barci. Tunani yana barina.
Kawu: To, tunanin nan shi za mu fara dubawa. Gobe bayan azahar ina nan, ka zo. Maganar Babanka kuma ka bar mini.

A lura: kawun bai yi kamar bai sani ba, bai kuma nemi rantsuwa ba. Ya sa ranar sake haɗuwa.

In yaro ya yarda zai bari, a san abin da ke tafe. Mai sha kullum, kwana 1 zuwa 2 bayan ya daina, zai fara zafin rai, da rashin barci, da munanan mafarkai, da ƙin abinci, wani har zufa da ciwon kai. Abin ya fi tsanani a makon farko, ya lafa cikin mako 2, barci kuwa yakan ɗan ƙara daɗewa kafin ya daidaita. Iyaye da yawa a nan suke karaya, su ce ai da ya bari ma ya fi muni. In akwai tramol ko ƙwayar barci a ciki, kada a yanke su rana ɗaya ba tare da shawarar likita ba, domin yanke ƙwayar barci kwatsam yana iya kawo farfaɗiya. In ya koma sha bayan wata guda, a sake farawa. Yawancin waɗanda suka bari ba a karon farko suka bari ba.

Abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya

A ƙasar Aisilan, a 1998, kashi 17 cikin 100 na yara masu shekara 15 da 16 sun taɓa shan wiwi, kashi 42 kuma sun bugu da giya a cikin watan da ya gabata kafin a tambaye su. Zuwa 2016 adadin ya koma kashi 7 da kashi 5. Ba yawan wa'azi a kan illar ƙwaya ya kawo wannan ba. Iyayen unguwa suka yi yarjejeniya a tsakaninsu, aka sa lokacin da yara ba za su wuce a waje da dare ba, hukuma kuma ta zuba kuɗi a wasanni da kiɗa da sana'o'in bayan makaranta, kowane yaro ya sami babban da ke jiransa a wani wuri. Su masu kuɗi ne, mu ba mu da irin nasu. Amma dattawan ajin nan sun tuna zamanin Samariya a mulkin Seyni Kountché, da sarkin samari, da gayya, da langa a dandali, da kokowar bayan kaka wadda tun 1975 take da gasar takobi ta ƙasa. Samariya tana da nata aibin, gwamnati ta yi amfani da ita don siyasarta. Duk da haka saurayi a lokacin yana da wurin da ake ƙirga shi, in bai zo ba a tambaya. Filin ƙwallo guda, da rijiyar lambun rani ta samari, da teloli da makanikai da maƙera 10 da kowanne zai ɗauki yaro 2, duk abubuwa ne da mai gari da magajin gari da kwamitin iyayen yara na lakwal za su iya zama a kansu kafin kaka ta wuce.

Tambayoyi

1. A labarin yaron da aka saki uwarsa, waɗanne alamu ne suka bayyana kafin ya fara shan wiwi? Su wa suke kusa da shi a kowane mataki?
2. Me ya sa wanda ya fara sha yana shekara 13 ya fi shiga haɗari a kan wanda ya fara yana shekara 25?
3. Wata uwa ta ce: "Ɗana ba ya faɗa da kowa, saboda haka ba ya sha." Me za ku ce mata?
4. A hirar kawu da yaro, wace magana ce kuke ganin uba ba zai iya faɗa ba? Don me?

Lissafi

A ɗauka yaro yana kashe dala 40 kowace rana a kan wiwi. Dala nawa ke nan a kwana 30? Jikka nawa ne? A farashin kasuwarku ta wannan mako, tiyar gero nawa kuɗin za su saya?

Aikin gida

Kowane mahalarci ya ƙirga yaran gidansu da na maƙwabta masu shekara 10 zuwa 18, ba tare da rubuta suna ba. A gaban kowane yaro ya rubuta abu 3: inda yake wuni da rani, inda yake tsakanin isha'i da lokacin barci, da babban da ya fi sakin jiki da shi. Inda ba a san amsa ba, a bar wurin fili, a zo da takardar aji na gaba.